Sarkin Noman Ƙasan Teku

Duk gaɓar tekun yankinmu na Puglia babu manomi irin Don Oronzo Lamanna. Bai taɓa riƙe fartanya ba, ko tumatir ɗaya bai taɓa dasawa ba, amma Allah ya ba shi gonar da ta fi ta kowa faɗi, ya kuma ɓoye masa ita a ƙarƙashin ruwa saboda mahassada. Garmarsa wani ƙaton jirgi ne da ya raɗa wa sunan kansa, don tawali'u. Jirgin yana jan taru mai bakin da zai haɗiye cocinmu, da allunan ƙarfe biyu da sarƙa da ke kankare ƙasan teku. Mu 'yan garin muna kiransa Sarkin Noma, shi kuma yana amsawa da ɗaga hula.

Kullum da hantsi za ka same shi a shagon gahawa yana wayar mana da kai.

"Ku saurara, ku masu kwale-kwale. Ƙasar teku in ba a huɗa ta ba tauri take yi ta mutu. Kakana ya faɗa, ubana ya maimaita. Shekara talatin ina juya muku ita kyauta, ko sannu babu!"

Lallai mun yi butulci. Da idonmu muke ganin amfanin gonar idan an zazzage tarun: murjani a kakkarye, ciyawar teku da saiwarta, 'ya'yan kifi da ba su kai yatsa ba. Ana tsince na kasuwa, a kwashe sauran da shebur a mayar ruwa a mace. Wannan shi Don Oronzo ke kira taki. Da kifi ya fara ƙaranci kuwa, nan take ya gano dalili: kifin zamani rago ne, ba ya son haihuwa.

Wuri ɗaya ne garmarsa ba ta kai ba, bayan Farin Dutse, inda ciyawa ta rage. Can Nunzia Carella, wata tsohuwa da mijinta ya rasu ya bar mata kwale-kwale, take jefa ƙugiyoyinta ita da gidaje bakwai. In wurin ya tafi, tukwanensu sun sauka ke nan. Suka roƙi ƙungiyar masunta a nutsar da tubalan siminti a kewaye shi, yadda duk tarun da ya shiga zai yage. Sarkin Noma ya ji tausayin jahilcinsu ƙwarai. Ya ɗauko mai nutso daga birni ya ce ya ɗauko hoton bidiyon gonarsa da na wancan kufai, a nuna wa jama'a kafin a kaɗa ƙuri'a kan batun tubalan. Mai nutson ya so Don Oronzo ya fara gani shi kaɗai, amma Don Oronzo ya ce tun yaushe ake nuna wa mutum gonarsa.

Ran Lahadi bayan an taso daga coci muka cika zauren ƙungiya. Don Oronzo ya zo da kwat ɗin biki da sandar nuni. Aka kunna majigi, sai ga laka. Laka gabas, laka yamma, an zana mata dogayen layuka. Minti goma muna kallo, abin da ya motsa tsohuwar leda ce kawai. Ni dai da ƙyar na gane wurin, alhali a nan ne ubana ya koya mini kamun kifi.

"Ku dubi kunya!" in ji shi. "Miƙaƙƙiya sar, ba ciyawa ko ɗaya. Haka gonar ƙwararre take."

Sai hoton bayan Farin Dutse ya fito. Ciyawa kore shar tana rausaya, ƙaguwa na rarrafe, ƙananan kifi sun yi dandazo har sun tare hoton. Ya buga sanda a bango.

"Kun ga sakaci? Daji ke nan! Ku ba ni sati biyu in gyara muku shi ya koma kamar nawa."

Nunzia ta miƙe a hankali tana dafa gwiwa.

"Ranka ya daɗe, kunyoyin nan sun yi kyau, ban taɓa ganin irinsu ba. Ni tsohuwa ce, ban yi boko ba, a taimaka mini. Shekara talatin muna ganin huɗa, muna ganin girbi. To wace rana ce ka yi shuka?"

Don Oronzo ya buɗe baki, ya juya ya dubi mai nutso, mai nutso ya dubi takalminsa. Aka ɗaga hannuwa aka amince da tubalan, har da hannun matuƙin jirginsa. Ran Laraba aka nutsar da tubalan.

Kada wani ya ce an zalunci babban mutum. Ƙungiya ta rubuta cewa duk inda garmarsa ta taɓa bi nasa ne halak malak, ba mai shiga masa. Yau wata huɗu ke nan yana fita da sassafe, yana dawo mana da laka.