Jarkokin Gidan Alhaji

Ba zan taɓa mantawa da yammacin da na tsara wa ƙasarmu makomarta a farfajiyar gidan surukina ba. Ba wanda ya zaɓe ni, ba wanda ya naɗa ni, amma na harɗe a kan tabarma na raba wa sabuwar gwamnati aiki, har da sunan waɗanda za ta fara kamawa.

Lokacin ban daɗe da zuwa Garuwa ba. A Maruwa na tashi, na yi karatu a Ngawundere, sannan aka turo ni wata lise, wato makarantar sakandare, ina koyar da tarihi da labarin ƙasa. Duk wanda ya zauna da malamin tarihi ya san cutarmu, ba mu iya gajeriyar amsa ba. Ka tambaye ni ƙarfe nawa, sai na faro maka daga wanda ya ƙera agogo. Ga shi kuma an gama zaɓe, ana jiran jin sabbin ministoci, ko'ina ka zauna zancen ke nan. A teburin mai shayin unguwarmu ni ne mai baki. 'Yan moto masu haya da babur kan kashe inji su tsaya saurarona, ni kuwa kaina ya yi ta kumbura (sai daga baya na gane inuwar wurin ce take tsayar da su).

A cikin wannan hali na haɗu da Zulai. Ma'aikaciyar jinya ce, a gidan gwaggonta take zaune saboda ya fi kusa da asibitin, can nake zuwa zance. Game da mahaifinta abu ɗaya ta taɓa gaya mini, cewa Baba ɗan kasuwa ne. Ban ƙara tambaya ba, kada a ce ɗan malamin makaranta ya fara leƙen aljihun mutane. Ina sonta so na gaske, irin wanda yake sa mutum ya tsaya gaban allo da alli a hannu ya manta abin da zai rubuta. Kuma ba ni kaɗai ba ne a layi. Akwai ɗan wani aminin mahaifinta, mai shago da mota, wanda iyaye suka fi karkata gare shi. Da mahaifin nata, Alhaji Ɗanlami, ya aiko cewa yana son ya gan ni da idonsa, Zulai ta gaya mini gaskiya ba kwana-kwana: babanta a zama ɗaya yake auna mutum, in ya ce a'a ba ya komawa, ita kuma ba za ta yi auren da bai sa wa albarka ba.

Baffa Sale, ƙanen mahaifina, ya taso takanas daga Maruwa don ya raka ni. Tun a tasha ya fara yi mini karatu. In zauna a gefen tabarma, in sunkuyar da kai, kada in haɗa ido da Alhaji. Kalmomin da ya halatta mini ba su wuce "lafiya lau", "haka ne" da "amin" ba.

"In ka ji an tambayi ra'ayinka," in ji shi, "ba ra'ayinka ake nema ba. Kunyarka ake son gani."

Na ce masa na gane. Wallahi a lokacin na ɗauka na gane.

Sai in faɗi abu biyu don a yi mini adalci. Ranar ina fama da mura, hancina a toshe kamar an liƙe da ƙullu. Sannan na juye kusan rabin kwalbar turare a babbar rigata, har Baffa ya riƙa kau da kai a bayan babur. Ko akuya ce ta mutu a gefena ba zan ji ba.

Zafin Garuwa ya hana zaman zaure, sai aka shigar da mu farfajiya, ƙarƙashin wata darbejiya. Alhaji na kishingiɗe a kan darduma, farin dattijo mai sanyin murya, aminansa na kewaye da shi, ƙaramar rediyo tana ta surutu a gefe. Jikin katanga kuwa jarkoki ne rawaye, an jera su bisa juna har sun kusa kai tsayin mutum, an lulluɓe rabinsu da tampol. Na lura ba a hura gawayin shayi a wurin ba, daga cikin gida ake kawo shi a dafe. Na ce a raina tsabta ce irin ta manya.

Da farko na yi abin kirki. Na durƙusa, na gaida kowa, wani dattijo ya jefo mini "jam na?" na amsa da Fulatancina na kasuwa, aka yi murmushi. Baffa ya yi bayanin asalinmu, ni kuwa ina kallon saƙar tabarma kamar za a yi mini jarrabawa a kanta. Sai mai rediyo ya ambaci sabuwar gwamnati. Alhaji ya rage murya, ya juyo wajena.

"To Malam, ku da kuka yi boko, me ya kamata mutanen nan su fara da shi?"

Amsar da ake so ɗan ƙaramin yaro ma ya santa: Allah ya yi musu jagora, ya ba su ikon adalci. Tana bakina. Na ji ɗanɗanonta. Amma abin da ya fito shi ne "Bon," kalmar Faransancin da nake buɗe darasi da ita.

Na fara da hanya, na ce wanda ya bi titin Ngawundere ya iso da ƙugunsa lafiya ya yi sadaka. Na ce jirgin ƙasa ya zo ya tsaya a can kamar mu nan ba 'yan ƙasa ba ne, dole a jawo shi arewa. Na shiga gonar auduga na raba taki kafin damina. Na shiga aji na nuna yara cike har taga. Na tambayi yadda za a yi madatsar ruwa tana kusa da mu amma mu kwana muna fifita da kwali. Kan da aka ce in sunkuyar tuni ya miƙe, hannun da aka ce in ɗora a gwiwa yana yawo a sama. Dattawa suna gyaɗa kai. (Yanzu na san dattijo yakan gyaɗa kai ko mahaukaci ne yake magana.) Baffa ya mintsine ni a cinya, na ɗauka tururuwa ce, na kaɗe na ci gaba.

Da na iso kan ruwan sha sai na ga hujja ta zo har gida. Na ɗaga yatsa, a gidan surukai, na nuna katanga.

"Ga misali nan a gabanmu. Mutum kamar Baba, da girmansa da matsayinsa, a ce sai ya tara ruwa a jarkoki haka? Ga kogin Binuwai a bayan gari! Wannan abin kunya ne ga ƙasa."

Wani ya ƙware da shayi. Wani ya ja hularsa ya rufe ido. Alhaji ya dubi jarkokin ya daɗe, kamar yau ya fara ganinsu, ya ce lallai abin da ban tausayi.

Da a nan na tsaya, da wataƙila an ce yaro ne mai wauta kawai. Sai ɗaya daga cikin aminan, wani siriri mai idon tsokana, ya tambaye ni cikin ladabi inda gwamnati za ta samo kuɗin wannan aiki duka. Allah ya yafe masa, ni dai har yau da sauran magana tsakaninmu.

Na ce ai kuɗi suna nan, zurarewa suke yi. Na kawo zancen zuwa-zuwa, fetur ɗin nan da ake shigowa da shi daga Najeriya ta bayan fage, a sayar a kwalabe a bakin titi. Na ce ba haraji, ba awo, ga gobara. Na ce kuma kada a wahalar da kai wajen kama yaran da ke ƙonewa a rana da kwalabe.

"Manyan za a nema," na ce, har da buga tabarma. "Waɗanda ke zaune a inuwa da manyan riguna, kaya na shigo musu gida. Ranar farko a fara da su."

Wurin ya yi tsit, sai rediyo kaɗai. Na ɗauka ƙarfin hujja ne ya kashe musu baki, har na ɗan gyara zaman hulata. Alhaji ya ce, "Allah ya ba su iko," a hankali. Ba wanda ya ce amin sai ni.

Baffa ya miƙe ya ce za mu koma, muryarsa kamar ta wanda ya fito daga jana'iza. Aka rako mu ƙofar gida, har da Alhaji da kansa, abin da na lissafa a matsayin nasara. Na hau babur na buga. Shiru. Na sake bugawa, ya yi tari ya mutu. Tun safe nake zirga-zirga tsakanin tela da wanzami da tasha, ban tuna da tanki ba. Na yi ta harbin kik cikin babbar riga, gumi na tsiyaya, dattawa na tsaye suna kallo. Alhaji ya matso, ya girgiza babur ɗin, ya kara kunne.

"Malam, ƙishirwa yake ji."

Ya koma ciki. Ta ƙofar da aka bari a buɗe na ga ya ɗage tampol, ya sauko da jarka guda, ya zaro mazurari da ƙyallen tacewa daga bayan wani tulu. Bai aiki kowa ba, shi ya ɗauko da hannunsa. Ya buɗe tankina ya fara tsiyayawa. Na ga launin abin. Sannan warin ya ratsa mura, ya ratsa turare, ya isa har tsakiyar kaina.

Ban san yadda zan kwatanta abin da na ji ba. Na so ƙasa ta tsage in shige da babur ɗin gaba ɗaya. Duk maganar da na yi ta dawo mini ɗaya bayan ɗaya, inuwa, manyan riguna, ranar farko. Na buɗe baki na ce, "Baba, ni..." sai ya tari numfashina.

"Ruwan gidanmu ke nan," in ji Alhaji, yana murɗa marfin. "Ku gaida gida. In sun tashi zuwa kamun, ka ce su bari sai bayan La'asar, da safe ina kasuwa."

Muka kama hanya, Baffa a bayana. Shi ya san sana'ar Alhaji, don ya yi bincikensa kafin ya taso, kamar yadda manya ke yi, ya ɗauka ni ma na sani. Duk Garuwa an sani, ban da mai neman auren. Sai da muka kusa gida ya tambaye ni, shi wannan babur da wane mai yake yawo kullum. Tun da na saye shi bai san ƙofar gidan mai ba, kwalbar bakin titi ce abincinsa safe da yamma.

Kwanakin da suka biyo baya ban ji daɗinsu ba. Na daina zuwa teburin mai shayi. Abinci ya fita raina, na tabbata na rasa Zulai, kuma da bakina na kore ta. Da na samu ƙarfin halin zuwa gidan gwaggo, ta fito fuska a ɗaure, ta zauna nesa da ni. Ta ce babanta atamfa yake sayarwa a da, kasuwar ta mutu a hannunsa, ga gida cike da baki. Da waɗannan jarkokin ya yi mata karatun jinya, da su ake dafa tuwo a gidajen da ban san adadinsu ba. Ta ce shi ma ba ya barci mai nauyi, kullum yana tsoron wuta. Ban ce duk abin da na faɗa ƙarya ne ba, har yau ina ganin akwai gyara a harkar. Amma a teburin mai shayi mutanen da nake kamawa ba su da fuska, ba su da 'ya'ya. Na ji kunya ƙwarai, na kuma ji tausayin dattijon da na zaga a gidansa ya shayar da babur ɗina.

Na tambaye ta ko ya yanke hukunci. Ta ce ya kira Baffa a waya. Sai ta rufe fuska da mayafi, kafaɗunta na rawa. Na ɗauka kuka take yi, ashe dariya ce ta ci ƙarfinta.

Abin da Alhaji ya gaya wa Baffa shi ne, duk wanda ya taɓa zuwa neman Zulai ya san yawan jarkokin gidan kafin ya san sunan kakanta. Wannan kuwa ya zauna a gabansu ya ɗauka ruwa ne.

"Yaron nan ba dukiyata ya biyo ba," in ji shi. "Surutu ne da shi, shi kuma aure yana maganinsa. Ku turo."

Ranar da aka kawo kayan ɗaki, a bayan gado da kwanuka sai ga jarkoki rawaye sababbi fil, da saƙon Alhaji cewa a gaya wa Minista waɗannan na ruwa ne. Sunan ya bi ni, har 'ya'yana sun ɗauka a takardar haihuwata yake. An naɗa ministocin gaske, an sauke wasu, an sake naɗa wasu, famfon unguwarmu kuwa sai ya ga dama yake tari. Kullum da sassafe nakan ɗaure jarkokin nan a bayan babur in tafi neman ruwa, in tsaya a bakin titi a zuba mini kwalba guda.

Har yanzu ina da ra'ayi a kan abin da gwamnati ya kamata ta fara da shi, kuma har yanzu ruwa ne a sama. Sai dai in an tambaye ni a gidan mutane, nakan fara fyace hanci, in shaƙi iskar wurin sosai, in dubi jikin katanga. Sannan in sunkuyar da kai in ce Allah ya yi musu jagora.