Oga Sau-Ɗaya da Alamar Tambaya

A shekarar da aka kwaso gwamnati daga Legas zuwa Abuja, an yi dakon manyan kaya, amma babu wanda ya kai Oga Yamusa nauyi. Wasu ma'aikata sun zo da iyali, wasu da katifa. Shi kujerarsa mai juyi ya sa aka ɗaure a gaban tirela, don kada Abuja ta wayi gari babu inda ilimi zai zauna.

Muryarsa daga ciki take tasowa, sai ta tsaya a maƙogwaro ta gyara riga kafin ta fito. Kuma ba ta fita sau biyu. "Ni Yamusa ba na maimaita magana," abin da yake faɗa wa kowa ke nan, kullum. Shi ya sa 'yan ofis suka raɗa masa Oga Sau-Ɗaya.

Ana cikin haka Darakta ya ce za a buɗe sashen kwamfuta, kuma wanda ya tsara rahoton ƙaurar ofis da sabuwar na'urar shi zai shugabanci sashen. Yamusa ya ji kamar an kira sunansa. Dama wani ɗan jami'a ya ba shi manhajar tsara littattafai a faifai goma sha biyu, irin wadda ke jera madogara, wato sunayen marubutan da aka kafa hujja da su, da kanta, ta kuma cike lambar shafi duk inda aka ce "duba shafi kaza".

Ɗora manhajar ya ci kwana huɗu. Kwamfuta ta haɗiye faifai shida, ta nemi na bakwai, ta tsaya. Yamusa ya tara ma'aikata ya yi musu bayani: na'urar haihuwar bakin teku ce, iskar duwatsun Abuja ta buge ta, sai an ba ta lokaci ta saba. Madam Rosemary, mai buga tafireta da ke zuwa daga Karu kowace safiya, ita ta ɗaga kofin shayin Oga za ta goge tebur, ta tarar da faifai na bakwai a ƙarƙashinsa. Tun Legas yake aikin matashin kofi. Da aiki ya kammala, Yamusa ya sanar cewa na'urar ta saba da iska daidai ranar da ya yi hasashe.

Rahoton kuwa, masha Allah. Shafi tamanin, madogara talatin da ɗaya. Oga yana zagaye ofis da hannu a baya yana shifta, Rosemary tana bugawa. Da suka gama, ya ture ta gefe, ya naɗe hannun babbar riga, ya danna maɓallin tsara rahoton da yatsa ɗaya kamar mai ƙaddamar da gada.

Rosemary, wadda ta karance ɗan littafin bayanin manhajar a motar haya, ta ce a sake dannawa. Ta yi masa misali da cefane: zagayen farko na'urar dubawa take yi ta ga inda komai yake, sai a na biyu take ɗauka ta zuba a gurbinsa. Abin da ba ta riga ta sani ba, alamar tambaya take ajiyewa a wurin.

"Oga, wannan abu sai an gaya masa sau biyu."

"Madam," in ji Yamusa, yana juyi a kujera, "masinja ban taɓa aikensa sau biyu ba. Direba ban taɓa ba. Uwar 'ya'yana ma ta sani. Sai akwatin ƙarfe? Ya ji ni."

Ya sa aka buga kwafi ashirin, aka yi musu bango mai ruwan zinare. Bai buɗe ko ɗaya ba. Mutum ba ya duba abin da ya san babu kuskure a ciki.

Ranar taro, Darakta ya ɗora tabarau, ya buɗe shafi na uku, ya karanta da ƙarfi, a hankali, yadda kowa zai ji: "Kamar yadda fitaccen masanin nan, alamar tambaya, ya tabbatar. Duba shafi na alamar tambaya, alamar tambaya." Ya juya shafi. Masanin dai shi ne, shafin ma shi ne. Wani a baya ya yi tarin da ba tari ba.

Yamusa ya miƙe ya gyara murya, ya ce salon manyan jami'o'in duniya ke nan a yanzu: a bar mai karatu ya yi tunani. Darakta ya ce shi ya gama nasa tunanin, ko akwai wanda zai iya gyarawa? Rosemary ta taka zuwa kwamfutar ofis da aka girke a gefe don ado, ta danna maɓallin nan dai, ta sake dannawa.

Takarda ta fara fitowa, sunaye suka cika gurabensu. Yamusa. Yamusa. Yamusa da Yamusa. Madogara talatin da ɗaya, duk takardun da Oga ya taɓa rubutawa ne a ofis, har da wadda ya yi ƙorafin an rage masa madara a shayi. Darakta ya daɗe yana kallon jerin, sannan ya ce shi dai rahoton ya fi masa kwarjini da alamar tambayarsa.

Nan take ya faɗi sunan shugabar sabon sashe, Madam Rosemary, ya ƙara da cewa a kai mata kujerar nan mai juyi, tunda aikin kwamfuta yana son waige-waige.

Muryar Oga ta taso daga ciki kamar kullum, sai dai wannan karon ta fito ba riga.

"Ranka ya daɗe... ban ji sosai ba. A ɗan maimaita?"

Darakta ya cire tabarau, ya rufe rahoton.

"Malam Yamusa, ni ma ba na maimaita magana."