Sadakin Habboba a Gaban Alƙali

"Lafiya lau nake, sai dai ganin fuskarka," in ji Inna Ummusalama, wadda jikoki ke kira Habboba, wato kaka, ba ta ko ɗago kai daga kaskon gahawa ba.

"Ashe da sauranki, tsohuwa? Ni ta'aziyya na zo yi," in ji jikanta Haladu.

"Sai na binne ka, mijin banza. Wata biyu ba ka leƙo Mafaza ba, ka zo mini hannu rabbana."

Haladu bai rama ba, nan ta gane da magana. Maƙeri ne, yana da warsha, wato maƙera, a garin Gadambaliya, inda yake ƙera faifan ƙarfe mai huji da ake ɗaura wa injin shuka ya riƙa zubar da riɗi daidai wa daida. Wajen kakansa marigayi Mijinyawa ya koya. Sai ga wata sharika, wato kamfani, daga Hartum, wadda ba ta taɓa ƙera ko allura ba, ta ce ta yi rajistar faifan shekara uku da suka wuce, don haka nata ne, har hujin. Alƙali ya ba Haladu zuwa Alhamis ya kawo shaidar cewa faifan ya girmi rajistar, ko a rufe warsha. Ya kwashe duka ya gaya mata.

"Su suka ƙera shi?"

"Ba sa ƙira, Habboba. Ofis gare su da lauya. Sai mutum ya gama zufa su aiko masa takarda."

"Sana'a mai daɗi! Gobe ni ma zan je a rubuta haɗiyar tuwo da sunana. Kowace loma sai ka nemi izinina."

"Da wane haƙorin za ki gwada musu?"

"Haɗiya na ce, jahili, ba tauna ba."

"Takarda alƙali yake so, mai kwanan wata. Mijinki kuwa ko sunansa bai iya rubutawa ba."

"Kul! Kada ka taɓa mijina na gaskiya, kai na riƙon ƙwarya."

Ta miƙe ta shiga ɗaki, ta jawo akwatin ƙarfe daga ƙarƙashin gado, ta fito da wata takarda da ta yi ja don tsufa.

"Karanta, in makarantar da aka sa ka ba wasa ka je yi ba."

Takardar aurenta ce, ta shekarar 1968, da hatimin malamin da ya ɗaura. A gurbin sadaki an rubuta: faifan ƙarfe na shuka riɗi, huji goma sha biyu, ƙirar ango. Haladu ya maimaita layin sau uku.

"Yankan riɗi ya kawo kakanka garin nan, ba shi da ko akuya," in ji ta. "Babana ya ce ya kawo duk abin da yake da daraja. Ƙawayena aka ba su awarwaron zinariya, ni aka ba ni murfin tukunya mai yoyo. Shekara hamsin ana mini dariya."

"Ina faifan yake?"

"Ga shi can na toshe akurkin kaji."

"Habboba, ba ni su!"

"Wane irin miji ne zai yi yawo da takardar auren matarsa da wani? Da ƙafata zan je."

Ranar Alhamis a kotun Gadarif, lauyan sharika ya karanta takardar sau biyu, ya juya faifan da ɗan yatsa saboda kashin kaji, sannan ya roƙi a ɗage zama. Alƙali bai ɗage ba, ya soke rajistar nan take.

A ƙofar kotu tsohuwa ta dogara sanda ta tsaya.

"To, faifan na wa?"

"Naki ne."

"Ɗaga murya, kunnen nan ya daɗe da yin ritaya."

"Naki ne, uwargida! Na sallama!" Haladu ya tuntsire da dariya, ya ciro sabon mayafi daga jaka ya yafa mata a kafaɗa.

Ta murza yadin, ta taɓe baki.

"Mai araha ne, amma na karɓa. Je ka buɗe warsharka. Na ba ka izini, kai da duk maƙerin ƙasar nan. Ni ba sharika ba ce."