Amsar da Ta Makara a Rawayau

Ba zan taɓa mantawa da rumfar ƙofar gidan Alhaji Sada a Rawayau ba, ko da zan manta sunana.

Lokacin ina digiri na biyu a fannin kwamfuta a Dutsin-Ma, na haɗa wata manhaja da har gobe nake bugun ƙirji da ita. Ka ɗauki hoton dabba da waya, hoton ya tafi babbar kwamfutarmu ta makaranta, ta duba lafiyar dabbar, ta maido da amsa da murya. In babu sabis sai hoton ya jira, sabis na dawowa ya wuce da kansa. Wannan dabarar jiran ita ce abin alfaharina. (Muryar kuwa tawa ce, don na duba ban ga wanda ya kai ni zaƙin baki ba.)

Alhaji Sada wan mahaifin Rabi ne, yarinyar da nake nema, kuma shi ne waliyyinta. Ya ce ba zai ba mai latse-latsen waya 'ya ba sai ya ga sana'arsa da idonsa. Na ce faɗuwa ta zo daidai da zama.

Na isa cikin sabuwar shadda. Kafin ya fito na leƙa garkensa, na ɗauki hoton wani tsohon bunsuru don gwaji. Sabis ya ɗauke, amsa ba ta zo ba, na share zancen.

Alhaji ya fito da limamin unguwa da wasu dattawa. Bayan gaisuwa na shiga zuba bayani ba waƙafi. Ya miƙo hannu.

"Kawo in gani, ɗana. Mutum fa, tana gane shi?"

"A'a Baba, dabba kaɗai ta sani, kuma ba ta kuskure."

Ya ɗaga wayar sama saitin fuskarsa, yana shafa farin gemunsa. Ashe sabis ɗin Rawayau a sama yake. Sai ga muryata, tangaram:

"Tsohon bunsuru ne. Haƙora sun ƙare, gemu kawai ya rage. A gaggauta kai shi kasuwa."

Liman ya kama tarin da babu shi. Ni kuwa na ji kamar ƙasa ta tsage in shige, na zube gabansa.

"Wallahi Baba ba da kai take ba, da ɗayan take!"

Alhaji ya sauke wayar a hankali.

"Ɗayan? Ashe mu biyu ne."

Na tabbata Rabi ta kuɓuce mini. Amma dattijo dattijo ne, ya saurari bayanin jinkirin sabis, ya yi dariya har da ƙwalla, ya ba ni ita. Ranar ɗaurin aure ya aiko mini da bunsurun a ɗaure, da saƙon wai ga ɗayan, in riƙe amana.

Na koya wa waya ta jira sabis kafin ta yi magana. Bakina ne na manta ban koya wa jiran hankali ba.