Jan Ƙyallen Sallau da Allunan Darakta

A wata jiha da ba sai an kama sunanta ba, an taɓa ƙirƙiro wani shiri na koya wa matasa aikin gandun daji. Tsarin a takarda ba shi da aibu. Matashi zai ba da shekara guda yana yi wa daji hidima, yana koyon renon iri a leda, da dashe, da ban-ruwa, da share layin da ke tare gobara, ana ba shi ɗan alawus na sabulu. An yanka wa kowa filinsa a gefen gandun da ke kusa da Garin Nomau. A ƙarshen shekara kowa zai karɓi takardar shaida. Amma gurbin mai gadin daji, mai kaki da albashi, guda ɗaya ne tak, kuma an shelanta a gaban jama'a cewa na wanda itatuwansa suka fi rayuwa ne.

Shugaban shirin wani Darakta ne da ya yi karatu mai zurfi a ƙasashen da itatuwansu ba su taɓa haɗuwa da akuya ba. Ranar buɗe shirin ya iso cikin shadda mai sitaci, ya tsaya a ƙarƙashin rumfa, ya yi doguwar lacca. Ya ce ba abin da ya cinye dajin ƙasar nan illa jahilci da camfi, kuma maganinsu wayar da kai. Don haka ya sa aka kafa alluna na katako mai kauri a bakin kowane fili, an rubuta musu da manyan baƙaƙe: AN HANA SARA, AN HANA KIWO. Daga nan ya shiga mota ya ɗaga gilashi, ya bar matasan a hannun wani dattijon malamin daji mai suna Malam Jatau, wanda shi ne ya koya musu duk abin da suka koya.

Jama'ar yankin sun yi na'am da allunan ƙwarai. Kafin damina ta kankama, ɗaya ya zama teburin mai shayi a tasha. Wani ya zama ƙyauren garken awaki. Mafi kyawunsu kuwa mai sayar da itacen girki ne ya tokare rumfarsa da shi, rubutun yana kallon titi, don masu wucewa su ƙaru da ilimi.

Cikin matasan akwai wani Sallau, wanda ya gama sakandare ya daɗe yana zaune. Shi wannan gurbi ba abin wasa ba ne a wurinsa. Kawunsa ɗan gawayi ne, kuma ya riga ya gaya masa a gaban mahaifiyarsa cewa ya ba shi shekarar nan ya je ya yi wasan yara da gwamnati, in ta ƙare bai sa kaki ba, gatari na jiransa a bayan ƙyaure. Wato idan Sallau ya rasa aikin tsaron itatuwan, shi ne zai dawo ya sare su.

Akwai kuma wani Nazifi, ɗan ƙanin uwargidan Darakta. Ranar buɗe shiri da aka kira sunansa, direban Darakta ya ce yana hanya. A kan hanyar ya kwana, a kan hanyar ya yi damina, a kan hanyar ya yi kaka. Irin da aka ware masa ya gaji da jira a cikin leda, Malam Jatau ya raba wa sauran. Filinsa ya zauna fetal kamar masallacin idi.

Sallau ya yi duk abin da aka koya masa. Ya dasa dalbejiya da bagaruwa da gawo, ya kewaye kowane dashe da ƙaya, yana ɗauko ruwa a jarka bisa keken aro. Duk da haka masu kiwo suka janye ƙayar, masu neman turken rumfa suka bi ɗan abin da ya tasa. Ya sake dashe, aka sake cinyewa. Ya kai ƙara wurin mai unguwa, sai ya tarar awakin mai unguwar ne a gaba.

A tsakiyar filin nasa akwai wata tsohuwar tsamiya mai kogo. Wata rana ya roƙi mahaifiyarsa wani tsohon jan zane da ta daina ɗaurawa, ya yayyaga shi, ya ɗaɗɗaura a rassan tsamiyar da kusurwoyin filin. Ya kife fasasshiyar ƙwarya a gindinta. Ya tsinto gashin farin zakara daga gidan da aka yi suna, ya watsa. Sannan ya ci gaba da ban-ruwansa kamar ba abin da ya faru.

Wani mai saran itace da ya saba shiga ya zo da gatari a kafaɗa, ya ja ya tsaya.

"Sallau, wannan kuma mene ne?"

"Ƙyalle ne."

"Na ga ƙyalle ne. Na wa?"

"Ni ban ce na kowa ba ne," in ji Sallau, bai ko ɗago kai ba. "Shiga abinka. Amma in akwai wani sallahu da kake so a kai wa iyalinka, ka bar mini."

Mutumin ya koma da baya, bai juya wa tsamiyar ƙeya ba sai da ya kai hanya. Iyakar abin da Sallau ya taɓa faɗa ke nan. Sauran aikin gari ne ya ƙarasa masa kyauta. Wani ya rantse jakinsa ya ƙi wucewa ta wurin. Wata ta ce ta hangi mace mai kofato tana tsefe kai a kan reshe da tsakar rana. Awaki dai ba su san aljani ba, amma masu su sun sani, don haka da kansu suka riƙa kora su zuwa filayen sauran matasan. Hatta kawun Sallau, wanda ba itacen da ya taɓa ba shi tausayi, zagaye yake yi yana tofa addu'a a cikin riga.

Malam Jatau ya zo ya duba ƙyallayen, ya duba itatuwan, ya daɗe yana shafa gemu. Ya ce, "Wannan ba ya cikin abin da na koya maka." Sannan ya ƙara da cewa, "Na kusurwar gabas ya kusa kwancewa, ka ƙara ɗaure shi."

Da shekara ta cika, kwamitin tantancewa ya iso. Shugaban kwamitin wani tsohon alƙali ne mai ritaya, Malam Haliru, wanda a hannunsa hukuncin ƙarshe yake, kodayake an san shi da ƙarancin magana da sa hannu a kan abin da Darakta ya kawo. Masinja na biye da su riƙe da sabon kaki a cikin leda, da hula da bel. Mutanen gari suka biyo baya don kallo, kawun Sallau na cikinsu.

Darakta ya bi filayen ɗaya bayan ɗaya yana shiga har tsakiya, yana shurin kututture da takalmi, yana faɗa wa matasan cewa ba su da kishin ƙasa. A wani filin an sami itatuwan da ba su fi a ƙirga da yatsun hannu ba. A wani sai ramuka. A na Nazifi kuwa ko ramukan babu.

Sai aka zo filin Sallau. Itatuwa sun yi kore shar, wasu sun wuce tsayin mutum. Darakta ya taho da saurinsa, ya ɗaga ƙafa zai tsallaka iyaka, idonsa ya faɗa kan jan ƙyalle yana kaɗawa. Ƙafar ta tsaya a sama. Ya mayar da ita inda ta fito a hankali. Direbansa ya riga ya ba shi labarin mace mai kofato a cikin mota, kuma waɗanda ke kusa sun ga leɓɓansa na motsi.

"Daga nan ma ana gani," in ji shi. Ya gyara murya. "Wa ya ɗaura wannan shirmen?"

Sallau ya rusuna. "Ni ne, ranka ya daɗe."

"Wannan shi ne camfin da na yi muku lacca a kansa. Tsumma ne kawai. Tsumma! A cire shi yanzu."

"Gaskiya ne, ranka ya daɗe, tsumma ne. Ga shi nan kuwa dab da hannunka."

Darakta ya dubi ƙyallen, ya mayar da hannunsa cikin aljihu. Ya juya ga direba. "Kai, cire shi."

"Yallaɓai, ni tuƙi aka ɗauke ni," in ji direba. "Kuma 'ya'yana ƙanana ne."

Ya dubi masinja. Masinja ya ɗaga ledar kaki da hannu biyu don a shaida cewa hannuwansa ba su da sarari. Wani daga cikin 'yan kallo ya yi tari irin wanda ba na mura ba.

Darakta mutum ne da bai saba a bar shi ba mafita ba. Ya juya ga tsohon alƙalin, ya sassauta murya irin ta masu ilimi.

"Allah ya gafarta Malam, a bi abin a tsanake. Sharaɗinmu shi ne a ba wanda ya tsare itatuwansa. To, a tambayi mutanen nan. Kai mai gatari, Sallau kake tsoro?"

"Wane Sallau?" in ji mai saran itacen. "A gabana aka haife shi."

"To me ya hana ka shiga?"

Mutumin ya nuna tsamiya da haɓa, bai yarda ya nuna ta da yatsa ba.

"Kun ji," in ji Darakta, ya buɗe hannuwa. "Ashe ba yaron nan ne ya yi gadi ba. Aljani ne ya yi. Gwamnati kuwa ba ta ba mutum aiki da gumin wani. Sai mu duba na biye. A filin Nazifi, Allah ya gafarta Malam, ba a sare itace ko ɗaya ba. Ba dashen da ya mutu ko ɗaya. Akuya ba ta ci komai ba. Malam Jatau, ƙarya na yi?"

Malam Jatau ya dubi ƙasa. "Ba a dasa komai ba ne, ranka ya daɗe."

"Ban tambaye ka wannan ba. An yi asara ko ba a yi ba?"

"Ba a yi ba."

"Madalla."

Malam Haliru ya buɗe baki a karo na farko. "Ina shi Nazifin?"

"Yana hanya," in ji direba.

Kawun Sallau ya yi murmushi, ya ɗaga murya daga cikin taro. "Sallau, in an gama ka biyo ta gida. Na wasa maka gatarin tun jiya."

Sallau ya dubi kawun nasa, ya dubi itatuwan da ya yi shekara yana shayarwa. Ya sake rusunawa, har ƙasa wannan karon.

"Ranka ya daɗe, ni ban ƙi hukuncinka ba. Tunda ka ce aljani ne ya yi gadi, kuma sharaɗi ya ce a ba wanda ya yi gadi, to kakin nasa ne. Kada a danne masa haƙƙi. Yana nan gindin tsamiya. Sai ka shiga ka miƙa masa da hannunka, don manya su ke ba da kaki."

Dariyar da jama'a suka daɗe suna riƙewa ta ɓalle. Darakta ya cire tabarau, jijiyar wuyansa ta tashi.

"Kai yaro, ni za ka mayar abokin wasanka? Wannan ma'aikatar gwamnati ce, ba dandalin bori ba! A ina ka taɓa jin an ɗauki wanda ba a taɓa gani ba aiki, an ba shi kaki da albashi?"

Amsar da Sallau ya bayar ita ce ta sa Malam Haliru ya miƙa hannu ya karɓi ledar daga wurin masinja, ya ɗora ta a hannun Sallau ba tare da ya dubi Darakta ba. Da ladabinsa ya faɗe ta, kansa a sunkuye:

"A bakinka na ji yanzun nan, ranka ya daɗe. Da aljanin da Nazifi duk ba wanda ya taɓa ganinsu a dajin nan. Sai dai shi aljanin, itatuwansa sun rayu."