Ni da Kyamarata a Kwanon Lalle

Ba zan taɓa mantawa da ranar sa lallen ƙanwata Rukayya ba, ko da kuwa na so. Har yau in na ji ƙanshin lalle, sai kunya ta taso min tun daga tafin ƙafa.

A lokacin zazzaɓin ɗaukar hoto ne ke cina. Wata uku kacal da fara koyo, na je na kinkimo wata kyamarar gwanjo mai dogon baki kamar taɓarya, da sandarta mai ƙafa uku, da jakar da sai na yi nishi kafin in saɓa. Mai shagon ya ce da ita zan ɗauko tsuntsu a kan duwatsun Shere. (Ban tambaye shi ko tana ɗauko mutum a cikin ɗaki ba.)

To, a gidanmu na Dutse Uku, kakarmu Hajiya Babba ce ke fara shafa wa kowace amarya lalle da hannunta. Matar nan kuwa ta tsani hoto. Duk zuri'armu babu mai hotonta, in ban da na fasfon Makka, wanda ta fito kamar za ta daki mutum. Rukayya ta yi kwana uku tana magiya, har da hawaye, kafin tsohuwar ta ce, "Sau ɗaya. In na ɗaga hannu daga naki, shi ke nan." Ni kuwa na daki ƙirji na ce kada a kira wani mai hoto, ina nan.

Maƙwabciyarmu Maman Chidi, mai shagon kayan masarufi, ita ma tana son ɗaukar hoto. Ta zo da wata 'yar kyamara da ba ta fi sabulun wanka ba.

"Maman Chidi, wannan ta wasan yara ce?" in ji ni, a gaban mutane fa.

Ta dubi kayana ta ce, "Hajiya, wannan naka ai sai a kira keke ya ɗauka."

Ɗakin Hajiya Babba ƙarami ne, ga mata sun cika shi maƙil saboda sanyi. Sandar ma ba ta samu wurin tsayawa ba. Aka yi guɗa, tsohuwa ta ɗebo lalle, ta kama hannun amarya. Na ɗaga kyamara na leƙa. Wallahi ba abin da na gani sai ramin hancin Hajiya Babba, ya cika gilashin taf!

Na ja baya. Kunne. Na ƙara ja. Rabin ɗankwali.

"Ke 'yar nan, kin gama ko in tashi?"

"Saura kaɗan, Hajiya!"

Idona manne a kyamara, ina ta tafiya da baya, ina taka ƙafafun mutane ina ba da haƙuri. Na manta sarai cewa a bakin ƙofa aka ajiye babban kwanon da aka kwaɓa wa ƙawayen amarya lalle. Dunduniyata ta daki dokin ƙofa, sai ji kake caɓal! Na zauna daram a ciki, da farin leshina na anko, ƙafafu a sama, kyamara na kallon rufi.

Sai Hajiya Babba, wadda ko a Sallah ba ta cika murmushi ba, ta fashe da dariya har haƙorinta ɗaya tilo ya fito, hannunta na kan na Rukayya. A nan na ji wani ɗan ƙaramin ƙyas. Maman Chidi ce.

Da na duba nawa hotunan daga baya: hanci uku, kunne ɗaya, sai fankar sama. Na yi kuka, ba zan ɓoye muku ba. Lallen kuwa ya ratsa leshi, ya kama da kyau. (Kada ku tambaye ni a ina. Sati biyu ya yi.)

Yanzu hoton Maman Chidi ne ke rataye a falon kowane ɗan gidanmu. In ka duba gefen ƙasa da kyau, za ka ga tafin ƙafa ɗaya a sama. Tawa ce.

Na sayar da taɓaryar, na sayi irin ta Maman Chidi, ita ma ta raka ni shagon. Abin da na koya shi ne, kyamarar da sai ka bar ɗaki kafin ka ga mutanen cikinsa, ka bar wa masu tsuntsaye. In kuwa dole ka yi baya, don Allah ka waiga.