Kunyar da Ba a Shuka Ba

Ba zan taɓa mantawa da ranar ɗaurin auren abokina Sule a Ƙanƙara ba, kuma Allah ya sani na yi ƙoƙarin mantawar. A shekarun alif ɗari tara da hamsin da 'yan kai ne, ban daɗe da fitowa daga makarantar horon malamai ba, aka turo ni koyarwa a makarantar elementare ta Faskari. Ina da keke, ina da alƙalami biyu a aljihun gaba (ɗayan ba ya rubutu, don ado nake maƙala shi), kuma na riga na yanke wa kaina hukunci cewa daga Sheme har Sabuwa babu wanda ya kai ni gane abin da ke ƙarƙashin magana.

A wannan shekarar wani ɗan littafin gajerun labarai ya faɗo hannun malamai, muna ta aronsa a tsakaninmu har bangonsa ya yi laushi. Labari ɗaya a ciki ya tsaya mini a rai, ba a kuwa sa sunan wanda ya rubuta shi ba. Wani manomi ne, duk damina in ya yi huɗa ya zo shuka, sai ya bar kunya guda a tsakiyar gonar ba ya jefa mata ko ƙwayar dawa. Yana nome ta, yana gyara ta, amma ba ya shuka ta. Maƙwabcinsa ya tambaye shi dalili, ya ce iri ne ya ƙare. Ƙaninsa ya tambaya, ya ce gidan tururuwa ne a wurin. Liman ya tambaya, ya ce mantuwa ce. Ranar girbi matarsa ta kawo masa fura, da ta iso wajen kunyar nan sai ta tuɓe takalmanta, ta tsaya. Shi ke nan, labari ya ƙare.

Na yi makonni ina juya shi, har na haƙo masa fassarar da ni kaina na ji tsoron basirata. Gonar ita ce ƙasarmu ta Arewa. Kunyar da ba a shuka ba ita ce gurbin ilmin zamani da muka bari fayau. Amsoshin manomin su ne uzurorin da iyaye ke kawowa in an zo ɗaukar 'ya'yansu makaranta. Matar da ta tuɓe takalmi kuwa Turawa ne suna shirin sauka daga mulki (kada a tambaye ni yadda Bature ya koma mace mai ƙwaryar fura, a lokacin ban ga wata matsala ba). Abin da ya fi faranta mini rai shi ne kalmar kanta: kunya ta gona, kunya ta fuska. Na ce ai marubucin gori yake mana. Na gwada fassarar a kan 'yan ajina, duk suka gyaɗa kai, ban tsaya na tuna cewa akwai tsumagiya a hannuna ba.

To, sai ga bikin Sule. Bayan an shafa fatiha, aka shimfiɗa tabarmi a gindin ceɗiyar ƙofar gida ana jiran abinci. Malamai 'yan'uwana sun hallara, ga dattawan unguwa a gefe. Cikinsu akwai waliyyin amarya, ƙanin mahaifinta, wanda ake kira Malam Ilu, dattijo mai farin gemu da rawani, yana jan casbaha a hankali. Kallo ɗaya na yi masa na sa shi a layin malaman zaure waɗanda ba su san boko ba.

Hira ta biyo ta kan littafin nan. Ni kuwa abin da nake jira ke nan. Na gyara zama, na ɗaga murya yadda har masu tsaye a bakin zaure za su ji, na zazzage fassarata kaf, tun daga Arewa har Turawa. Wasu suka ce, "Kai, Malam, ka yi nisa!" Na ɗauka yabo ne.

Sai dattijon nan ya yi gyaran murya. "Malam, ni kau a nawa ɗan gani, halan ɗa ne mutumin ya rasa. Wataƙila kunyar nan ita yaron ya saba shukawa in sun je gona tare."

Da na yi shiru a nan, da yau ba ni da labarin bayarwa. Amma sai na yi dariya, irin dariyar nan da ake yi wa yaro in ya ce wata na bin sa.

"Haba Baba," na ce, "wannan ai karatun sama-sama ne. Irin wannan rubutu ba kowa ke gane shi ba, sai wanda aka koya wa. Marubuci mai zurfin tunani kamar wannan zai zauna ya ɓata tawada a kan mutuwar wani yaro? Wane gida ne ba a rasa ɗa ba?"

Casbahar ta tsaya a hannunsa. Ya dube ni ba tare da ɓacin fuska ba, ya ce, "Gaskiyarka, Malam. Kowane gida ana rasawa." Ya dafa ƙasa ya miƙe, ya ɗauki buta ya zaga bayan zaure.

Ban ankara ba sai na ji ango ya damƙi hannun rigata, ya ja ni gefe, idonsa jawur.

"Kai mi ke damunka? Ka san ko wane ne wannan? Shi ya rubuta labarin! Yana koyar da boko tun kana goye. Yaron nan da ya faɗa ɗansa ne na fari, ciwon kwana biyu ya ɗauke shi ana tsakiyar shuka. Ya hana a sa sunansa don ba ya son a yi masa maganar. Duk wanda ke tabarmar nan ya sani, kai kaɗai ne baƙo."

Tunanin farko da ya zo mini (ba na alfahari da shi) shi ne inda na jingine keke da kuma ko zan iya kai gare shi ba a gan ni ba. Sule ya ce in na gudu, kada in ƙara taka ƙofar gidansa.

Na sami Malam Ilu ya gama alwala yana zaune kan turmi. Na tuɓe hula na durƙusa. "Baba, ka yafe mani. Ban sani ba."

"Tashi, ɗana, ƙasa za ta ɓata maka riga." Ya yi ɗan murmushi. "Maganar makarantar nan taka ba laifi, ta yi ma'ana. Baturen ne dai ban gane ta inda ya shigo gonata ba."

Ban iya dariya ba. Don dai in ce wani abu, sai na tambaye shi a hankali ma'anar tuɓe takalmin.

Ya ce, "Ni ma ban sani ba. Haka ta yi, ina tsaye ina kallo. Ban tambaye ta ba, ita ma ba ta faɗa ba, har Allah ya karɓi ranta. Shi ya sa na tsaya a nan. Abin da ban sani ba, ya zan rubuta shi?"

Hukuncin da ya yanke mini ya fi duka zafi. Da aka fito da tuwo, ya ce lallai da shi zan ci, akushi ɗaya, a gaban mutanen nan duka. Yana turo mini nama gabana yana cewa, "Ci, Malam, aikin ƙwaƙwalwa na cin jiki." Na koma Faskari ban tsaya ko gaisawa a hanya ba, na kuma yi wata guda ina kauce wa duk inda malamai suka taru.

Har gobe ina son labarin da ba ya buɗe cikinsa gaba ɗaya, kuma har gobe ina haƙa, hali ba ya fita. Sai dai yanzu in fassara ta zo mini mai daɗi ƙwarai, nakan ce "wataƙila" kafin in fara. Kuma ba na buɗe baki a taro sai na karkata wajen na kusa da ni na tambaye shi ƙasa-ƙasa, "Don Allah, mai labarin yana nan?"